Labarin Paula, Mai Zanen Uwa Da Jariri

 

Duk wadda ta saba cefane a kasuwar Samaru ko ta Sabon Gari ba za ta rasa cin karo da waɗansu samari da 'yan mata ba, rungume da allo da farar takarda, sun sami gefe sun zauna suna kallon jama'a suna ta ja da fensir. Ɗaliban sashen zane-zane ne na Jami'ar Ahmadu Bello. Mai fura ta wuce su zana ta, mai goyo ta sunkuya tana taya tumatir su zana ta. Na sha jin mata suna tsaki, suna tambayar wannan kuma wane irin karatu ne. In kuwa suka ji cewa a cikin littattafan wannan fanni har da hotunan mutane ba sutura, a bakin rafi ko a gindin itace, sai su riƙe baki, zance ya ƙare.

To, yau ina so ku ba ni aron kunnuwanku, in ba ku labarin wata mace wadda ta yi irin waɗannan hotuna. Bajamushiya ce, sunanta Paula Modersohn-Becker, ta bar duniya tun cikin 1907. Ba don mu kwaikwayi al'adarsu na kawo ta ba, kowace ƙasa da irin tata kunyar. Na kawo ta ne don abin da ta gani a jikin 'ya mace, wanda maza masu zane suka yi ɗaruruwan shekaru ba su kula da shi ba, da kuma yadda ajalinta ya zo, don akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Ƙuruciyarta

An haifi Paula Becker ran 8 ga Fabrairu, 1876, a birnin Dresden na ƙasar Jamus. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya bakwai. Ubanta injiniyan reluwe ne, gidansu kuwa gidan karatu ne, amma ba masu dukiya ba ne. Tana da shekara goma wani abin tausayi ya same ta. Suna wasa da 'yan'uwanta a wani ramin yashi, sai ƙasa ta zabtaro musu. Ita an ciro ta da rai, amma wata 'yar'uwarta mai suna Cora ta rasu a wurin. Tun daga nan yarinyar ta san cewa mutuwa ba ta duba shekaru.

Cikin 1888 suka ƙaura zuwa Bremen. Da ta kai shekara 16 aka tura ta Ingila wurin gwaggonta, don ta koyi Turanci da riƙon gida. Can ta fara shiga ajin zane a Landan, abin kuwa ya shiga ranta har ya hana ta sakat. Da ta komo gida uban ya ce bai yarda ba sai ta sami sana'ar da za ta ci abinci da ita. Ba ta yi masa gardama ba. Ta shiga kwalejin horon malamai mata, ta yi shekara biyu, ta ci jarrabawa a 1895. Sa'an nan fa ta sake kawo kukanta.

Ku lura, a wancan zamani manyan makarantun zane na gwamnatin Jamus ba su karɓar mata, sai a 1919 aka buɗe musu ƙofa. Saboda haka matan Barlin masu wannan sana'a suka kafa tasu makarantar. Nan Paula ta shiga a 1896, tana zaune a gidan danginta don a rage ɗawainiya.

Ƙauyen fadama

Kusa da Bremen akwai wani ƙauye da ake kira Worpswede, a bakin wata ƙatuwar fadama. Mutanensa talakawa ne liƙis. Aikinsu yanko baƙar ƙasar fadama kamar tubali, su shanya ta bushe, su loda a kwalekwale su kai birni a saya a hura wuta. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ga magudanan ruwa, ga waɗansu itatuwa siririya masu farin ɓawo. Waɗansu masu zane maza sun riga sun tare a can don kyan wurin. Paula ta bi su a 1898, ta zama almajirar ɗaya daga cikinsu, Fritz Mackensen.

Mazan nan yawancinsu sararin sama da itatuwa da faɗuwar rana suka fi zanawa. Ita kuwa mutane ne suka ɗauke mata hankali. Akwai wani gida a ƙauyen da ake ajiye gajiyayyu da marasa galihu. Can take zuwa ta ɗauko tsofaffi da yara da mata masu shayarwa, ta ba su 'yan kwabbai, su zauna ta zana su. Ta zana tsohuwa da hannuwanta da aiki ya kanannaɗe. Ta zana matar manomi da jariri a ƙirji, idonta ya tafi wani wuri don gajiya. Ta zana yara maza suna wanka a magudanar ruwa, kamar dai yadda kuke ganin namu yaran a Kubanni ko Galma da bazara.

A ƙarshen 1899 aka nuna kaɗan daga aikinta a gidan nune-nunen Bremen. Wani mai sharhi a jarida, Arthur Fitger, ya yi mata kaca-kaca, ya nuna aikin ko kallo bai cancanta ba. Yarinya 'yar shekara 23, a garin iyayenta! Wata da ta ajiye buroshi ke nan har abada. Ita kuwa daren da shekara za ta juya ta hau jirgin ƙasa sai Faris.

A Faris ta shiga wata makaranta mai karɓar mata, tana kuma zuwa darasin sanin ƙirar jikin ɗan Adam, watau yadda ƙashi da tsoka suke zaune. Ta ga aikin wani Bafaranshe mai suna Cézanne tun duniya ba ta gama sanin darajarsa ba. Daga baya kuma a babban gidan tarihi na Louvre ta ga waɗansu fuskoki da mutanen Masar na dā suka zana a kan katako, masu manyan idanu, suna kallon mutum kai tsaye. Waɗannan fuskoki na nahiyarmu sun bar alama a aikinta har ƙarshen ranta. Sau huɗu ta je Faris ta zauna: 1900, 1903, 1905, da kuma 1906 zuwa 1907.

Wane irin salo ne?

Bari in ɗan tsaya in yi muku bayanin salon, don ku gane abin da ya sa aka zage ta, daga baya kuma aka ɗaukaka ta. Turawa suna kiransa Ekspireshanizim, mu sai mu ce salon fidda abin da ke zuci. Mai wannan salo ba ya damuwa da hoto ya fito daidai kamar na kyamara. In hannun uwa ne ya fi taɓa masa zuciya, sai ya girmama hannun. In baƙin ciki yake son nunawa, sai ya duhunta launi ko da rana ake. Ku da kuke kitso da lalle da jeren ɗaki kun san wannan. Ganyen da mai lalle take zanawa a tafin hannu ai ba ganyen wata bishiya ba ne da za a je a tsinko, amma kowa ya gani ya san abin da take nufi.

Cikin 1905 waɗansu samari huɗu a Dresden, garin da aka haifi Paula, suka kafa ƙungiya mai suna Die Brücke, ma'anarsa gada. Cikinsu akwai Ernst Ludwig Kirchner da Erich Heckel da Karl Schmidt-Rottluff. Daga 1909 zuwa 1911 sukan fita da bazara zuwa tafkunan Moritzburg su zana masu wanka ba sutura a cikin ciyayi da itatuwa, da launuka masu zafi, ja da kore da ruwan lemo. Wani da ya shigo cikinsu a 1910, Otto Mueller, kusan duk rayuwarsa irin wannan hoto ya yi ta yi. Dalilinsu kuwa shi ne sun gaji da hayaƙin masana'antu da ƙuncin birni, suna ganin ɗan Adam ya yi nisa da ƙasar da aka halicce shi daga gare ta. Sun kuma ɗauki abubuwa da yawa daga sassaƙen Afirka da suka gani a gidajen tarihi.

Paula ba ta cikin ƙungiyarsu, ita kaɗai ta laluba hanyarta, kuma kafin su fara zuwa tafkin nan ta riga ta bar duniya. Shi ya sa ake lissafa ta cikin na farko-farkon wannan salo. Amma akwai bambanci, kuma shi ne gishirin labarin. Tun dā can, in namiji ya zana mace ba sutura, yawanci yakan zana ta ne yadda idon namiji yake so, budurwa santala, an goge duk wata alamar wahala. Paula ta zana jikin mace yadda mace ta san shi: cikin da ya ɗauki nauyi ya saki, ƙirjin da ya cika da nono, ƙafafu masu kauri da suka sha tafiya. Ungozoma ba ta jin kunyar abin da take gani a ɗakin haihuwa, don ta san aikin da jikin nan yake yi. Da irin wannan ido Paula ta duba.

Aure

Cikin masu zanen Worpswede akwai Otto Modersohn, wanda ya girme ta da shekara 11. Matarsa ta fari ta rasu a 1900, ta bar masa 'yar ƙaramar yarinya, Elsbeth. Da maganar aure ta taso, iyayen Paula suka ce sai ta je makarantar koyon girki a Barlin tukuna. Ta je. Aka ɗaura aure ran 25 ga Mayu, 1901, ta riƙi 'yar mijinta, ta kuma zana ta sau da yawa, har da wani hoto da yarinyar take tsaye cikin lambu da kaji a gefenta.

Gaskiya Otto ba mugun miji ba ne. Ya yarda ta kama ɗaki a gidan wani manomi inda take zuwa aiki kullum, shi ne kuma yake ɗaukar nauyin tafiye-tafiyenta. Yana cikin 'yan ƙalilan da suka gane tana da baiwa. Duk da haka a littafinsa na sirri ya yi ta ƙorafin cewa tana ƙattanta hannuwa da hanci, tana mayar da mutane munana. Mutanen ƙauye kuwa, har abokan sana'a, kallon matar Modersohn kawai suke yi mata, mai 'yan shafe-shafen fenti don kashe lokaci. Ita kuma ta daina nuna wa kowa. Takan shafa fenti mai kauri, wani lokaci ta karce shi da buroshin goge haƙori don ya yi kaushi kamar fatar mai aiki, in ta gama ta jingine a bango ta ɗauki wani.

Shekara biyar ana haka, ba haihuwa, zuciyarta kuma tana gaya mata lokaci yana ƙurewa. Cikin Fabrairu 1906, bayan ta cika shekara 30, ta tattara kayanta ta tafi Faris da niyyar ba za ta komo ba. A wurinmu sai mu ce ta yi yaji, sai dai ita ba gidan iyaye ta nufa ba. Danginta suka yi ta faɗa. Kuɗi suka yanke mata, har sai da ta riƙa neman taimako daga mijin da ta bari, shi kuwa ya riƙa aika mata.

A wannan shekara ɗaya ta yi hotunan fenti wajen 90, kuma cikinsu ne mafi shahararsu suke. Akwai na wata uwa kwance a ƙasa ta kewaye jaririnta da jikinta, su biyu sun zama kamar abu guda. Akwai na wata uwa durƙushe tana shayarwa, ga tsire-tsire a bayanta, ga 'ya'yan itace a zube kewaye da ita, kamar a ce ita ma itaciya ce mai ba da 'ya'ya. Akwai wanda ta zana kanta a gaban koren ganye, da sarƙar duwatsu ruwan zuma a wuya, da 'yan furanni a hannu.

Sai kuma wanda ya fi kowanne suna, wanda ta sa wa kwanan watan 25 ga Mayu, 1906, ranar zagayowar aurenta. Ta zana kanta tsaye, mayafi ɗaure a ƙugu, hannuwanta biyu sun tallafi ciki kamar na mai wata shida. Abin mamaki, a lokacin ba ta da ciki. Masana tarihin zane suna ɗaukarsa a matsayin hoto na farko da wata mace mai zane ta yi wa kanta a irin wannan hali. Ku matan aure da kuka taɓa jiran haihuwa shekara da shekaru, na tabbata ba sai an fassara muku wannan hoto ba.

Wani masassaƙi, Bernhard Hoetger, ya ga aikin nan ya yaba ƙwarai, yabon da ta daɗe tana ƙishinsa. Shi ne kuma ya ba ta baki sa'ad da ta nemi a raba auren. Da kaka Otto ya zo biko har Faris, ya zauna da ita duk lokacin sanyi, suka sasanta. Cikin Nuwamba na shekarar aka sake nuna aikinta a Bremen, wannan karo shugaban gidan nune-nunen, Gustav Pauli, ya yaba mata a jarida. Da bazarar 1907 suka komo Worpswede, tana ɗauke da cikin gaske.

Kwana goma sha takwas

Ran 2 ga Nuwamba, 1907, ta haifi 'ya mace bayan doguwar naƙuda mai wuya. Aka sa wa yarinyar Mathilde, sunan kakarta, ana kiranta Tille. Likita ya ce mai jego ta kwanta kada ta tashi, don haka ilimin likitanci na lokacin ya ɗauka shi ne daidai. Ta yi kwana 18 a kwance, tana kukan ciwon ƙafa. Ran 20 ga wata aka ce ta iya tashi. Ta taje kanta, ta maƙala furanni a riga, aka rako ta falo, aka miƙo mata jaririyarta ta rungume. Nan take ta sulale. Kafin a yi wani abu rai ya yi halinsa. Shekarunta 31.

Abin da ya faru shi ne jini ya daskare a jijiyar ƙafarta saboda daɗewar kwanciya, da ta miƙe sai gudan ya ɓalle ya bi jini ya toshe hanya a huhu. Yau likitoci sun san wannan sarai, shi ya sa suke cewa mai jego ta riƙa tashi tana 'yan taku da wuri, ko da fiɗa aka yi mata. Saboda haka 'yan'uwa, in mai jego ta ce ƙafa ɗaya tana mata ciwo ko ta kumbura, ko numfashinta yana sarƙewa, ko ƙirji yana suka, kada a ce gajiyar haihuwa ce a ƙara mata ruwan zafi. A kai ta asibiti a ranar. Mu nan Zariya muna da ƙarin dalili, don tun cikin shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na jami'armu suka gano wani ciwon zuciya da yake yawan kama masu jego a yankin nan, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a kan gado mai wuta. Cutar daban ce da ta Paula, amma ita ma da kumburi da haki take sallama.

Bayan ranta

Da aka buɗe ɗakin aikinta sai mamaki ya kama mijinta da abokansa. Cikin shekarun da ba su kai 15 ba ta bar hotunan fenti fiye da 700, da zanen takarda fiye da 1,000. Waɗanda ta sayar tana da rai kuwa a yatsun hannu za a ƙirga su. Mawaƙi Rainer Maria Rilke, mijin aminiyarta Clara Westhoff, ya yi mata marsiyya a 1908. Cikin 1917 aka buga wasiƙunta da littafinta na sirri, mata suka yi ta saye. Hoetger ya sassaƙa abin tunawa a kan kabarinta, siffar uwa tana gangarawa da jariri a cinya.

Cikin 1927 wani attajirin kofi, Ludwig Roselius, ya gina gidan ajiye aikinta a Bremen, garin da aka fara zaginta. Shi ne gidan nune-nune na farko a duniya da aka keɓe wa mace mai zanen fenti. Ko a nan ma ba ta huta ba. A 1937 gwamnatin Hitila ta ce irin wannan zane lalataccen abu ne, ta kwashe ayyukanta wajen 70 daga gidajen tarihi. Gwamnatin ta rushe a 1945, gidan Paula kuwa yana nan ana ziyartarsa. Tille, jaririyar da aka bari tana da kwana 18, ta rayu har 1998, ta kuma kafa gidauniya da sunan uwar da ba ta sani ba sai a hoto.

Mu komo gida

Shekara 48 bayan rasuwar Paula, watau a 1955, aka kawo sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Cikin malamansa na farko akwai mace 'yar ƙasa, Clara Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano, wadda ta yi karatu a Landan. A zamaninta ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suka ce za su zana mutanensu da idonsu na kansu. A 1977 kuma jami'ar ta ba Ladi Kwali, maginiyar tukwane, digirin girmamawa, ga hotonta nan a bayan takardar naira 20. Ƙofar da aka rufe wa Paula, a Samaru a buɗe take.

Mu dai suturarmu ita ce mutuncinmu, ba kuma wadda za ta ce wa 'yarta ta yi yadda Bajamushiya ta yi. Amma ku iyaye, in kun ga yarinya tana cika bayan littafinta da zane, kada ku yage ku ce shiririta ce. Ku tambaye ta me ta gani. Ku kuma 'yan makaranta, Paula ta yi wa ubanta biyayya ta sami takardar malanta, ta koyi girki, ta riƙi marainiya, ba ta kuwa yar da baiwarta ba. Matan da ta zana suna nan kewaye da ku: mai daka, mai ɗebo ruwa, mai goyo a layin asibiti. In ba ku zana su ba, ko ku rubuta labarinsu, wa kuke jira?

Sai mun sake saduwa. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba masu jego ƙoshin lafiya, ya raya mana zuriya. Amin.